Kilomita 24 daga gaɓa: nazarin ɓatan jirgin Alvarenga a Tekun Fasifik

A duk bakin ruwan da masunta ke zama suna gyaran koma, ba a rasa labaran da ake bayarwa ana ƙyaƙyata dariya: jirgin da ke yoyo har sai an ware mutum guda ba shi da aiki sai kwarfa, injin da aka ɗaure murfinsa da waya, gwanin da sai da ya kai tsakiyar ruwa ya tuna anga tana gida. Labaran suna da daɗi ne domin masu ba da su sun dawo. Illarsu kuwa, duk dawowa lafiya tana ƙara wa mutum yarda cewa abin da ya bari a gaɓa dama can ba dole ba ne. Tafiyar José Salvador Alvarenga haka ta faro. Ya fita su na awa 30 daga gaɓar Meksiko ranar 17 ga Nuwamba 2012, bai sake taka ƙasa ba sai ranar 30 ga Janairu 2014, a Tsibiran Marshal da ke tsakiyar Tekun Fasifik, bayan kwana 438. Abokin tafiyarsa, Ezequiel Córdoba, a teku ya rasu.

Masu ba da labarin sun fi tsayawa a kan yadda mutum ya yi wata 14 yana cin ɗanyen kifi da tsuntsaye. Mai sana'ar ruwa kuwa kwana biyun farko ya kamata ya ƙura wa ido, domin a cikinsu aka yi asarar tafiyar. Jikin jirgin bai fashe ba, bai kife ba, bai nutse ba. Abubuwan da suka kayar da shi ƙanana ne, kuma kusan dukansu tun a bakin gaɓa aka yanke hukuncinsu.

Jirgin da abin da ke cikinsa

Alvarenga mutumin El Salbador ne, daga ƙauyen Garita Palmera, amma ya yi shekaru yana su a Costa Azul, ƙauyen masunta da ke kusa da Pijijiapan a jihar Chiapas. Ba baƙon teku ba ne. Sana'arsu kamun manyan kifaye ce da dogon layin ƙugiyoyi, mai kama da mamarin masuntanmu, sai dai nasu ana sa masa koto, kuma a ruwa mai zurfi ake shimfiɗa shi, nesa da ƙasa. Kifin shak da tuna da wani da suke kira dorado su ne abin nema.

Jirgin na faiba ne, wato wata irin roba mai ƙarfi, tsawonsa kamar mita 7, buɗaɗɗe, babu rumfa babu ɗaki, da inji guda a rataye a baya da akwatin ƙanƙara mai girman firji a tsakiya. An loda masa fetur galan 70, wato kimanin lita 265, da ruwan sha galan 16, kusan lita 60. Akwai ƙananan kifi na koto kilo 23, ƙanƙara kilo 91, ƙugiya 700 da layinsu, mashin sukar kifi, wuƙa uku, bokitin kwarfa uku, da 'yan sifanoni. Ta fuskar sadarwa akwai wayar salula a cikin leda, da na'urar GPS mai nuna lambobin wurin da jirgi yake, wadda ba ta jure ruwa, da rediyon oba-oba mai rabin caji.

A duba wannan kaya da kyau. Duk abin da ke kawo kuɗi an tanade shi a wadace, har ƙugiya an ƙirga. Abin da ke maido da mutum gida idan inji ya tsaya, babu ko ɗaya. Babu anga, babu filafilin tuƙi, babu tamfol da sandar da za a ɗaga iska ta tura jirgi, babu ƙaramin inji na biyu, babu fitilar da wani jirgi zai hango da dare. Alvarenga ya ce ya lura babu anga tun kafin su tashi, sai ya ga ba ta da amfani a ruwan da za su, inda babu igiyar da za ta kai ƙasa. Lissafinsa daidai ne game da wurin su. Hanyar dawowa ce bai sa a lissafi ba.

Akwai kuma batun abokin aiki. Wanda ya saba fita da shi bai samu zuwa ba, sai ya ɗauki Córdoba, saurayi ɗan shekara 22 da bai goge da tsakiyar teku ba, a kan dala 50. Ba su taɓa aiki tare ba. A jirgin mutum biyu, idan ruwa ya ɓaci, ɗaya yana riƙe da hannun inji ba zai iya saki ko na minti ɗaya ba, ɗayan kuma yana kwarfa. Ashe rabin tsaron jirgin yana hannun wanda bai taɓa ganin irin wannan dare ba.

Iskar Tehuantepec

Gaɓar Chiapas tana gefen Mashigin Tehuantepec, wurin da matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna tsoro. A nan ƙasar Meksiko ta tsuke, kilomita kusan 200 ne tsakanin teku biyu, kuma jerin duwatsun da ya raba su yana da gibi a mashigar Chivela. Daga Oktoba zuwa Fabrairu, iska mai sanyi da nauyi takan gangaro daga Arewacin Amurka ta taru a Mashigin Meksiko, ta rasa hanya sai wannan gibi, ta matsu a cikinsa, ta fito Fasifik da ƙarfin gaske. Wanda ya san hunturu ya san asalinta: iskar arewa ce ta lokacin sanyi, busasshiya, sau da yawa sama garau babu hadari. Gudunta yakan wuce kilomita 70 a awa, wani lokaci ya haura 100, ta yi kwanaki tana kaɗawa, ta kai ɗaruruwan kilomita cikin teku. Masuntan wurin suna ce mata norteño, wato 'yar arewa.

Abin da ya sa take yaudara shi ne daga ƙasa take busowa zuwa teku. A bakin gaɓa ruwa yana iya zama lumui, domin iskar ba ta samu filin tayar da igiyar ruwa ba tukuna. Sai an yi nisa igiyoyin suke girma, gajeru masu tsayi, suna biye da juna kusa-kusa. Tafiya tana da sauƙi saboda iska na bayanka, dawowa kuwa gaba da gaba ce. Idan inji ya mutu, iskar da ke busowa daga teku za ta kai ka gaɓa ko da a wahalce, ita wannan tura ka take yi inda babu kowa.

Kuma ba a ɓoye take zuwa ba. Masu hasashen yanayi suna ganin saukowar sanyin kwana biyu ko uku kafin ya iso. Alvarenga ya san iska tana tafe. Ya yi abin da masunta da yawa ke yi: kifi yana ci, dare ɗaya mai kyau yana ciyar da mutum mako guda, sai ya yi fatan zai riga ta dawowa.

Daren farko

Sun yi nisan kilomita 120 daga gaɓa, suka shimfiɗa layi mai tsawon kilomita 3, suka kama kifi kusan kilo 500. Cikin dare iska ta taso, ruwa ya fara faɗowa cikin jirgi.

A nan sai an yi lissafin nauyi, domin shi ne asalin haɗarin buɗaɗɗen jirgi. Fetur lita 265 ya kusa kilo 200. A haɗa da ruwan sha da ƙanƙara da koto, an kai kilo 370 kafin a sa mutum biyu da inji. A cire fetur ɗin da aka ƙona a hanya, a ɗora kifi kilo 500, jirgi ya zauna cikin ruwa sosai, bakinsa ya matso kusa da fuskar teku. Igiyar da da safe za ta bugi gefe ta wuce, yanzu ciki take zubowa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A ce shimfiɗar cikin jirgin mita 6 ce da faɗin mita ɗaya da rabi, ruwa mai zurfin santimita 10 kacal, wanda da ƙyar ya rufe idon sawu, ya kai kilo 900. Kuma wannan nauyi ba ya zama wuri ɗaya. Jirgi na karkata sai ya kwarara gaba ɗaya zuwa gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara danne shi. Mai kwarfa da bokitin lita 10, in ya dage, zai fitar da lita 60 zuwa 100 a minti, amma ba zai jure haka na awa guda ba, alhali igiya ɗaya tana iya zuba ninkin wannan cikin daƙiƙa biyu.

Janye layi mai ƙugiya 700 aikin awoyi ne ko da ruwa yana kwance. Alvarenga ya sa wuƙa ya yanke shi, ya juya goshin jirgi ya nufi gida. Wannan hukunci daidai ne, kuma ba kowa ke iya yanke shi ba, domin jarin sana'arsa ya bar wa teku. Kuskuren da ke ciki shi ne kayan kamun sun tafi gaba ɗaya. Ƙugiya goma da zaren mita hamsin a cikin gwangwani mai murfi, a ɗaure a jikin jirgi, ba su kai nauyin kilo ɗaya ba, kuma da sun canza watannin da suka biyo baya.

Daga nan ya yi awoyi yana tuƙi cikin duhu, irin tuƙin da sai gwani. Ba a fuskantar irin waɗannan igiyoyi kai tsaye, jirgi zai tashi sama ya faɗo ya bugu. Ba a kuma ba su gefe, kifewa ke nan. Ana karɓarsu ne a ɗan karkace ta kafaɗar goshi, a ƙara wuta wajen hawa, a rage a ƙololuwa don kada farfela ta fito sarari ta yi ta juyi a banza, a sake ƙarawa wajen sauka. Córdoba yana kwarfa, wani lokaci tsoro ya daskarar da shi ya rungume ƙarfen jirgi ya kasa motsi. Babu abin zargi a nan. Wanda ya ɗauki sabon hannu ya fita da shi a gaban norteño shi ya ɗauki wannan nauyi.

Da hantsi suka hango duwatsun Chiapas. Saura kamar kilomita 24. A nan inji ya fara tari, sannan ya mutu.

Inji, rediyo, anga

A irin wannan ruwa, abubuwan da ke kashe injin baya sanannu ne. Tankin fetur yana da ƙaramar kafar shan iska, kuma idan ruwa yana wanke jirgi na awoyi, ta nan yake shiga. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki, daidai inda bututu ke zuƙa. Girgiza kuma tana tayar da dattin da ya daɗe a kwance, ya toshe filta ko ƙananan ramukan kafireto. Ruwan gishiri yana shiga ƙarƙashin murfin inji ya jiƙa fulogi da wayoyinsa, wuta ta daina kaiwa. Idan gindin inji yana yawan fitowa daga ruwa, famfon sanyaya shi yana zuƙar iska maimakon ruwa, inji ya ɗau zafi. Maganin yawancinsu ba tsada: filta mai raba ruwa da fetur a kan layin mai, fulogi biyu ko uku sababbi a cikin leda da sifanarsu, ƙaramin tanki na biyu mai tsabtataccen fetur da bututunsa, wanda za a sauya a minti ɗaya. Sai dai gyaran kafireto a jirgin da ke tsalle mita biyu ko uku, hannu a jiƙe, ƙananan kusoshi suna zamewa, ba abin dogaro ba ne. Shi ya sa ake son inji na biyu, ko da mai ƙarfin doki 8 zuwa 15 ne, wanda nauyinsa bai wuce kilo 25 zuwa 40 ba. Ƙila ba zai ci gaban irin wannan iska da sauri ba, amma zai riƙe goshin jirgi a fuskar igiya, ya hana shi gudu baya har a iso. Inda kuɗin inji biyu ya gagara, jirage biyu su fita tare su dawo tare. A jirgin Alvarenga fetur bai ƙare ba. Yana nan a jarkoki, babu abin da zai ƙona shi.

Ya ɗauki rediyo ya kira ubangidansa a gaɓa, ya shaida masa inji ya lalace. Aka ce ya faɗi lambobin wurin da yake. GPS ta sha ruwa ta mutu. Aka ce to ya jefa anga. Ya ce babu. Aka ce ana tafe. Jim kaɗan batirin rediyo ya ƙare. Wannan gajeriyar magana ita ce zuciyar lamarin duka: tambaya biyu aka yi masa, kuma amsar kowace an riga an ba da ita jiya da safe a kan rairayi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wanda ya saba da kogi ko tafki zai iya raina batun anga, domin a can idan inji ya tsaya akwai gora ta dogarawa, akwai ciyawa, gaɓa kuma tana kusa ta kowane gefe. A teku gaɓa gefe ɗaya ce. Ƙasan teku a gaban Chiapas ba ya zurfi da wuri, shimfiɗa ce mai faɗi da ke gangarawa a hankali, shi ya sa ubangidan ya ambaci anga tun farko. Jirgin mita 7 anga mai kilo 7 zuwa 10 ta ishe shi, da sarƙa ta 'yan mitoci a gabanta don ta kwantar da ita ta ciji ƙasa, sai igiyar nailan mai kaurin milimita 10 ko 12, wadda ke miƙewa ta shanye fizgar igiyar ruwa. Tsawon igiya ne abin da aka fi kuskurewa. Ana son ninki biyar zuwa bakwai na zurfin ruwa, a iska mai ƙarfi har fiye. A ce zurfin mita 40 ne, igiya mita 200 zuwa 280 ke nan. Gajeriyar igiya sama take ɗaga anga, ta tumɓuke ta. Duka wannan kaya bai kai nauyin manyan kifi biyu ba. Ko da angar ba ta riƙe gam ba, tana jan ƙasa tana rage gudu, kuma masu nema za su tarar da jirgi kusa da inda aka ji muryarsa.

GPS kuwa leda mai zif ko kwalbar roba mai murfi ta isa ta cece ta, irin gatan da aka yi wa wayar salula wadda ba ta da amfani a inda babu sabis. Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko sisi: a riƙa karanta lambobin wuri ana faɗa wa gaɓa duk bayan awa ɗaya ko biyu tun na'ura tana aiki, a rubuta su a jikin jirgi. Rediyo yana cin batir ne wajen magana fiye da wajen saurare nesa ba kusa ba, saboda haka rabin caji mintoci kaɗan ne na magana. Abin da ya fi duka shi ne na'urar kiran ceto mai aika sigina zuwa tauraron ɗan'adam na tsarin Cospas-Sarsat. Ba ta jin ruwa, tana faɗin wurin da take da kanta, kuma ta jirgin ruwa an gina ta ta yi aƙalla awa 48 tana kira. Kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, ya fi ƙarfin masunci ɗaya, amma bai fi ƙarfin mai jirage ko ƙungiyar masunta ba.

Abin da suka yi bayan inji ya mutu

Jirgin da ba shi da inji yakan juya ya ba igiya gefe, kuma a haka ake kifewa. Sun zubar da kifin nan kilo 500 ɗaya bayan ɗaya, suka bi da ƙanƙara da sauran fetur, jirgi ya taso. Rage nauyi wajibi ne, ba a jayayya. Amma a cikin firgici an zubar har da abin da bai kamata ba. Ƙanƙara ruwan daɗi ce, ko da ta gauraya da ƙarnin kifi, kuma kifi kilo 20 da za a yanyanka a shanya ba shi ne zai nutsar da jirgi ba. Kwanaki kaɗan bayan haka ƙishirwa da yunwa suka zama babbar barazana.

Alvarenga ya ɗaure robobin da ke riƙe layi a saman ruwa, kusan 50, ya sake su a igiya don su ja jirgin su daidaita shi. Wannan ita ce angar teku, wadda ba ta taɓa ƙasa, ruwa kawai take riƙewa. Dabarar ta taimaka ƙwarai wajen hana su kifewa. Rauninta shi ne abin da ke iyo a sama iska tana tura shi kamar yadda take tura jirgi. Angar teku ta gaske nutsewa take yi kaɗan ƙarƙashin ruwa: buhun tamfol mai siffar mazurari, ko bokiti mai ƙarfi da aka huda gindinsa, ko tsohuwar taya, ko dunƙulen koma. A goshi ake ɗaure ta, da igiya mai tsawon da zai sa ta zauna igiyar ruwa ɗaya ko biyu a gaban jirgi, a naɗe tsumma inda igiyar ke gogar baki don kada ta tsinke.

Cikin ɓacin rai ya farfasa injin, ya jefa rediyo da GPS a ruwa. Ana fahimtar zuciyar da ta kai shi, amma a jirgin da ya ɓata babu tarkace. Waya, ƙarfe, murfi, duk suna da ranarsu.

Iskar ta yi kwana biyar. An fita nemansu, aka dakatar bayan kwana biyu saboda munin yanayi da rashin gani. Ba sakaci ne ya sa ba a gan su ba, lissafi ne. Jirgin da iska ke turawa kilomita 4 a awa ya yi kusan kilomita 100 a kwana ɗaya, kuma idan ba a san inda ya faro ba, filin nema yana ninkuwa kowace awa. Ƙaramin jirgi a cikin farin kumfar igiyoyi ba ya ganuwa daga sama, faiba kuma kusan ba ta fitowa a rada, na'urar da manyan jirage ke gano abin da ke kewaye da su. Wannan ne ma ya sa manyan jiragen dakon kaya da Alvarenga ya ce ya yi ta gani daga baya suka wuce abinsu. Faifan alminiyom da aka harɗe aka ɗaga a kan sanda yana sa rada ta ga jirgi. Madubi da rana, tocila da dare, tsumma mai ruwan lemo a sama, su ne bakin da ƙaramin jirgi ke da shi. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta daɗe tana ba masu ƙananan jiragen su shawarar ɗaukar zanen iska na ko-ta-kwana, don jirgin da injinsa ya mutu ya samu abin tafiya idan iska ta lafa.

Sauran kwanakin

Daga nan igiyar teku mai gudu yamma a arewacin ikwaita ta ɗauke su. An ƙiyasta tafiyar tsakanin kilomita 8,900 da 10,800, wato kilomita 20 zuwa 25 a kwana, tafiyar da ba ta kai ta mai ƙafa ba. Hanyar ba sabuwa ba ce. A Oktoba 2005 masunta biyar sun fita daga San Blas a Meksiko, aka tsinci uku da rai a Agusta 2006 kusa da waɗannan tsibirai na Marshal.

Akwatin ƙanƙara shi ya zama ɗakinsu. Suka kifa shi suna shiga ciki, yana kare su daga rana da sanyin dare, kuma wannan inuwa tana cikin manyan dalilan da suka sa Alvarenga ya rayu, domin zufa ce ke ƙarar da ruwan jiki. Sai bayan kamar mako biyu aka yi ruwan sama, suka tara a bokiti da robobin da suke tsinta suna yawo a teku. Kafin nan sun sha jinin kififfiya, har da fitsari, wanda ba ya kashe ƙishirwa, ƙara wa ƙoda aiki yake yi. Ruwan teku ya fi muni: gishiri giram 35 ne a kowace lita, fiye da abin da ƙoda ke iya fitarwa ba tare da ta ƙara jan ruwa daga jiki ba. Kifi da hannu yake kamawa, yana jingine a bakin jirgi, hannuwa cikin ruwa, har kifi ya shigo tsakaninsu. Tsuntsayen da ke sauka su huta da dare yakan cafke su ta ƙafa. Ɗanyen nama da jini suna ɗauke da ɗan bitamin C, abin da ake ganin ya tsare shi daga ciwon dasashin da ya riƙa kashe matafiya teku a zamanin da.

Córdoba ya yi rashin lafiya bayan cin wani tsuntsu, daga nan cikinsa ya ƙi ɗanyen nama, ya yi ta ramewa har ya rasu wajen wata na huɗu. Alvarenga ya ce ya yi kwana shida da gawar a jirgi kafin ya sa ta a ruwa. Ya ci gaba shi kaɗai yana ƙirga wata, yana cikin na 15 ya hango bishiyoyin kwakwa.

Ya fita a wani ɗan tsibiri na Ebon, a kudancin Tsibiran Marshal, inda wasu ma'aurata masu aikin kwakwa suka same shi. Aka kai shi Majuro, babban birnin ƙasar, ƙafafu a kumbure, jini ya yi ƙasa, yana tafiya da ƙyar. Mutane da yawa sun ƙi yarda da labarin da farko. Masana igiyoyin teku a Jami'ar Hawaii suka gwada hanyar a kwamfuta da bayanan iska da ruwa na waɗannan watanni, suka ga abin da ya tashi daga gaɓar Chiapas a lokacin zai iya isa yankin Ebon a daidai wannan tsawon lokaci. A Chiapas ma an samu takardar cigiyar da aka shigar a Nuwamba 2012, sai dai sunan da aka rubuta masa a ciki ba nasa na gaskiya ba ne, domin a ƙauyen da laƙabi aka san shi. A Maris 2014 ya je ya ga mahaifiyar Córdoba, kamar yadda ya ce sun yi alkawari. A ƙarshen 2015 dangin mamacin suka kai shi ƙara suna neman dala miliyan ɗaya bisa zargin ya ci naman ɗansu, zargin da ya musanta.

Jirgin kuwa an same shi a gaɓar Ebon, ƙwaryar teku ta lulluɓe cikinsa da gefensa, injin a lalace. A jikinsa ana iya karanta sunan wata ƙungiyar masunta ta Chiapas, Camaroneros de la Costa, kuma har ranar yana iyo.